Ƙofar da Kawu Aub Ya Sa Aka Ɗaure

Melbourne, 4 ga Maris, 1974

Zuwa ga Noeline,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Merv da karnuka. Ni dai ƙugun yana haɗuwa, in ji likita, ko da yake ba shi yake kwana a kansa ba. Sun ce sai ƙarshen Mayu za su sake ni. Goɗiyar da ta kayar da ni kada ki riƙe ta a zuciya. Tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu ta ji a kan sirdi, ta yi abin da ya kamata dangi su yi tun tuni.

Akwai wata magana da ake yi a tsauninmu tun ina yaro. Wai shanun da suka ɓace wa masu tattarawa ba sa tsayawa su mutu a Filin Sama, makiyayar da ke kan tsauni. Wai ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, tsohuwar saniya takan shige gaba, ta bi da sauran ta Hanyar Masu Haƙo, su sauko gida da ƙafarsu. Mutum uku suka faɗa mini. Na farko Dinny Rourke, makiyayin kakana, wanda kuma ya taɓa rantse mini ya ga kifi a kan bishiya. Na biyu wani mai kawo wasiƙa da bai taɓa riƙe igiyar saniya ba. Na ukun a bar shi kawai. Ban yarda ba, har gobe. Hanyar nan ta zaftare tun kafin yaƙi, akwai inda ko akuya sai ta tsaya ta yi shawara. 'Yan ɓatattun da kan bayyana a makiyayar ƙasa duk shekara, ta bakin rafi suke zagayowa, ta gonar maƙwabcinmu Clarrie Voss.

Ƙofa ce ta sa na kawo miki wannan, wadda ke gindin hanyar, kusa da tsohuwar bishiyar tuffa. Duk kaka sai in tarar da ita a buɗe. Mafarautan barewa ne, ba su san rufe abin da suka buɗe ba. Dawakan jeji su shigo su share ciyawar da na tanada wa hunturu. Bana a sa mata sarƙa da kwaɗo, a ƙara waya a ɗaure ta tamau.

Sauran aikin kin sani. Ingirici ya shiga rumfa kafin ruwa, kwanon da iska ta ɗaga a buga masa ƙusa. A naɗe bututun ruwa da buhuna, a share indararo, a faskare itace tun yana da bushewa. Bututun hayaƙi ba a taɓa shi ba tun rasuwar matata, gwaggonki Thelma, bara. Batun gishiri kuwa ba sai na ɓata tawada ba, kin tashi a cikinsa.

Ke jikar ɗan baffana ce, ba dolenki ba ne ki rufe gidanki a Maffra ki zo ki riƙe mini gona. Na sani. Ban iya godiya ba ne kawai.

Naki,
Kawu Aub

Tallow Creek, 21 ga Maris

Kawu Aub,

Mun ga wasiƙarka, muna lafiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ka daina faɗa da masu jinya, Clarrie ya ce labari ya iso har Omeo.

Ingirici ya shiga. Merv ya hau rumfa ya buga kwanon, ya sauko yana tambaya wa ya yi aikin farko, na ce kai ne, ya ce to lallai iska ta yi haƙuri. Daga bututun hayaƙi mun fito da sheƙar tsuntsu da rabin bokitin kunkunniya. Itace ya kai rabin bango. Ƙofarka kuwa ka kwantar da hankali. Merv ya wuni a kanta, sarƙa biyu, kwaɗo, waya ninki huɗu. Ya ce duk mafaraucin da ya buɗe ta a ba shi gonar, ya cancanta.

Ni ban samu hawa Sama ba saboda aikin ƙasa, amma Merv ya hau sau biyu da jif ta hanyar masu katako. Ya ce shanu sun yi kyau, Beryl ɗinka ta kalle shi kamar ya zo neman aure gidansu. Har yanzu ban gane yadda ka sa wa saniya sunan yayar matarka ka kwana lafiya ba.

Bishiya ta faɗa wa layin waya ranar Lahadi, ba mu san ranar gyara ba. Motar wasiƙa Talata da Juma'a, ita ce kawai. Mun tsayar da takwas ga Afrilu da Clarrie za mu hau tattarawa.

Taka,
Noeline

Tallow Creek, 12 ga Afrilu

Kawu Aub,

Da fatan jiki da sauƙi. Mu lafiyarmu lau, babu wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan don kada ka tsorata da abin da ke biye.

Mun sauko da shanu ɗari da saba'in da huɗu. Ɗari biyu da goma sha biyu suka hau. Talatin da takwas suna can, har da Beryl da yawancin manyan shanun da kake ji da su, da maruƙansu.

Ga yadda aka yi. Ranar farko na tsaya a kan falalen dutsen da kake tsayawa, na zuba gishiri, na kwarma kira yadda ka koya mini. Ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Clarrie ya karɓa, muryarsa kana jin ta daga kwari zuwa kwari, shiru. Muna zagayawa sai ga kantun gishiri a gindin itacen turare, an lashe rabi. Can gaba wani. Mun ƙirga goma sha ɗaya. Clarrie ya cire hula ya sosa kai, ya kalli Merv.

Merv ne ya kai su. Ya ce ya ga ba ka nan, babu mai hawa ya ba su da hannu, ya ji tausayinsu. A Maffra haka ake yi wa shanun tatsa, a ajiye musu su yi ta lasa. Bai san nan ana hana su gishiri sati uku kafin tattarawa ba, don kwaɗayi ya fito da su daga sarƙaƙiya in sun ji kira. Ni ban faɗa masa ba, don ban taɓa zaton akwai mai bukatar a faɗa masa ba. Shi kuma bai faɗa mini ba, so yake in hau in gani in yaba.

Kwana huɗu muna tsintar su da karnuka, kurmi bayan kurmi. Waɗanda suka rage sun shige kwazazzabon da doki ba ya shiga. Clarrie dole ya koma kan nasa garken. Da safe yanzu ruwan kwanon karnuka yana daskarewa. Merv ba ya cin abincin kirki.

Ka faɗa mini abin yi.

Noeline

Melbourne, 15 ga Afrilu

Noeline,

Na gode Allah da kuke lafiya. Ni na fara takawa da sanda biyu daga gado zuwa taga, inda nake kallon bangon wani gini. An ce ci gaba ne.

Wasiƙarki na karanta sau uku. Kantu goma sha ɗaya. Tsohon da ke gadon kusa da ni, direban tarago ne, ya tambaye ni ko rasuwa aka yi, na ce a'a, walima aka yi wa shanuna.

Kada ki matsa wa Merv. Shi ba ɗan dutse ba ne, kuma ba zai zama ba don ya auri 'yar dutse. Abin da ya sani shi ya yi.

A kwashe kantun nan duka, ko gutsure kada a bari. A bar shanun kwana goma, sannan ki koma falalen da sassafe, lokacin da iska ba ta tashi ba, ki yi kira. Kada a sa musu karnuka kafin nan, ƙara shigewa za su yi. Ƙanƙara mai zama ba ta cika zuwa kafin Mayu ba. A tsawon rayuwata sau biyu na ga ta yi sammako. Shanun nan jikokin garken da ubana ya koro daga Monaro ne, in suka tafi ba a kasuwa za a samo irinsu ba. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗa ba, a cikina yake ya fito.

Ki duba mini ko an zubar da ruwan famfon rafi, in ya daskare a ciki fashewa zai yi.

Kawu Aub

Tallow Creek, 19 ga Afrilu

Kawu,

Muna lafiya. Allah ya ƙara sauƙi.

An kwashe kantun. Wanda ba ɗan dutse ba shi ya kwaso su a bayansa, ɗaya bayan ɗaya, inda jif ba ta kaiwa. Shi ya buɗe wasiƙarka, don ina rumfa lokacin da mota ta zo. Ya karanta, ya ninke, ya ajiye mini a kan tebur, ya fita. Tun ranar kullum yana Sama da ƙafa yana bin sawu, tafin hannunsa duk ya tsage.

Ba mu zo nan don a auna asalin kowa ba. Daga yau abin da ke cikin takardarka shi za mu yi, layi bayan layi, babu ƙari babu ragi. An zubar da ruwan famfo. Ƙofa tana ɗaure.

Iska ta juya kudu tun jiya.

Noeline

Melbourne, 23 ga Afrilu

Noeline, 'yata,

Lafiyata lau, kada ki ɓata lokaci a kan wannan. Da fatan ku ma haka.

Maganar Merv ban rubuta ta yadda ta shiga kunnenku ba. Uzuri nake nema masa, sai hannuna ya fi hankalina sauri. Laifin nawa ne, ni da na ce ba sai na ɓata tawada ba. Ki ce masa ya yafe wa tsoho. Zan faɗa masa da bakina in na dawo.

Yanzu ki saurare ni. Rediyo ya ce da safen nan ƙanƙara ta sauka a tsaunuka, kuma wai akwai wadda ta fi ta a baya. Na sa an buga muku waya, an ce layi bai dawo ba. An gwada na Clarrie, haka.

Tun da na ji nake zaune a bakin gado ina juya wani abu. Shekara nawa ina cewa ɓatattu ta gonar Voss suke zagayowa? Clarrie bai taɓa ce mini ya gan su sun wuce ba. Ban taɓa tambayarsa ba ma. Shingensa bai taɓa karyewa ba. Kuma wace ce kullum nake tararwa a makiyayar ƙasa tana tuƙa kamar ita ta sayi wurin? Beryl. Kafin ita, uwarta.

Ban ce na yarda da maganar Dinny Rourke ba. Amma in gaskiya ya faɗa sau ɗaya a rayuwarsa, to shanun nan za su sauko su tarar da sarƙa biyu da waya ninki huɗu. Wurin matsattse ne, dutse a hagu, kwazazzabo a dama, ƙanƙara ta toshe musu baya. Saniya ba ta juyawa. Tsayawa take yi ta jira a buɗe mata.

Ki buɗe ƙofar nan. Ki bar duk abin da ke hannunki ki je ki buɗe ta. Dawakan jeji su cinye ciyawar, su haɗa da rumfar.

Kawu Aub

Melbourne, 27 ga Afrilu

Noeline,

Ina lafiya. Ban san ko kuna lafiya ba.

Motar Juma'a ta wuce, babu komai daga gare ki. Na aika telegiram ranar Laraba, an ce ya tsaya a Omeo, hanya a rufe. Ban sani ba ko hanya ce ta hana ki ko fushi. In fushi ne ki ci gaba da shi, kin fi ni gaskiya, amma ki yi shi a bakin ƙofa da almakashin waya a hannu.

Jiya na sa wando da takalmi na kai har bakin matattakala. Babbar mai jinya ta tambaye ni ina zuwa, na ce Tallow Creek. Ta ce madalla, in fara gwada zuwa banɗaki ni kaɗai tukuna. Ta ɗauke takalman.

Kada kuma ki hau Sama a cikin wannan, ko Merv. Shanu ne. Na san abin da na rubuta a baya, amma shanu ne.

Kawu Aub

Tallow Creek, 30 ga Afrilu

Kawu Aub,

Muna lafiya, mu duka biyu, da yatsunmu cif. Yau aka share hanya, wasiƙunka biyu da telegiram suka iso tare. Merv ya karanta, ya ce in faɗa maka ya ji, magana ta wuce, amma a batun kwanon rumfa yana nan kan bakansa.

Ƙanƙara ta fara ranar Litinin, ta kwana biyu ba ta tsaya ba. Ranar Laraba Merv ya gwada hanyar masu katako, ko gadar farko jif ba ta kai ba. Ya dawo ya zauna da rigar ruwa a jikinsa ya ce, "Na kashe wa tsohon nan shanunsa, Noel."

Ranar Alhamis da safe ina neman abin shafa wa burodi, na buɗe kabad ɗin Gwaggo Thelma. Kwalabe a jere, da rubutun hannunta: tuffa, Afrilu. Sai na tsaya da kwalba a hannu.

Ina da shekara tara da aka kawo ni hutun Ista. Kana Sama wajen tattarawa. Gwaggo ta ɗauki kwando ta ce in zo mu tsinko tuffa. Da muka cika kwandon ta je ta kwance ƙofar nan, ta tura ta har ƙarshe, ta tokare da dutse. Na ce Kawu zai yi faɗa. Ta ce, "Zai yi, da mafarauta. Kawunki ya san shanu daga kan doki, ni kuma a bakin ƙofa na san su. Kada ki faɗa masa, sai ya ga kamar an raina masa sani." Na riƙe har na manta ina riƙe da shi. Ko da na karanta wasiƙarka ta farko, mafarautan na gani.

Mun ɗaura sirdi. Abin da ake yi a rabin awa ya ci mana awa biyu. Kafin mu gan su mun ji su. Suna cushe a matsin nan, ƙanƙara har ciki, sun ɓare ɓawon bishiyar tuffa ta saman shinge iya inda wuya ya kai. Clarrie da ya ga wurin daga baya ya ce sun kwana biyu a tsaye. Beryl na gaba, waya ta yanke mata ƙirji, ba ta ko kuka, kallonmu kawai take.

Kwaɗon ya daskare, mabuɗi ya ƙi juyawa. Merv ya sa almakashi, hannunsa na jini, yana zagin wanda ya yi ɗaurin. Na ce masa ai shi ne ya ɗaure. Ya ce ya sani, shi ya sa yake zagin da kyau. Da ƙofar ta faɗi Beryl ta wuce ta gabanmu ko waige babu, sauran suka bi ta a jere.

Talatin da uku suka shigo. Maruƙa biyu sun mutu a gindin ƙofar, an tattake su. Uku ba mu gan su ba, ban sa rai ba. Wani ɗan maraƙi da ya kasa tashi Merv ya ɗora a gaban sirdi, yanzu haka yana bakin murhu yana cin labulen Gwaggo.

Da na tuna ranar Talata da maruƙan nan suna raye. Wannan ni zan riƙe.

Taka,
Noeline

Melbourne, 3 ga Mayu

Noeline, 'yata,

Na ga wasiƙarki, na gode Allah da lafiyarku. An dawo mini da takalmana.

Maruƙa biyun ki sauke su, ba kayanki ba ne. Wanda ya ce a ɗaure ƙofa shi zai ɗauka, yana da lokaci, ba ya zuwa ko'ina. A wanke wa Beryl ƙirji da ruwan gishiri, ai akwai saura da yawa. Ki ce wa Merv in ƙanƙara ta narke ina so ya bi ni da ƙafa mu hau hanyar nan in ga inda suke bi. Shi zai riƙe ni, ni zan yi shiru. Ƙofar kuma kada a mayar da ita sai bazara. Sarƙar ku rataye ta a rumfa inda zan riƙa ganinta.

Naki,
Kawu Aub

Na rufe ambulan na sake buɗewa. Na ce miki mutum uku suka faɗa mini, na ambaci biyu. Bara ne, war haka, da safe. Na dawo daga ƙasa ina ta masifa a kan mafarauta, na zauna a tebur. Aka ajiye mini kek ɗin tuffa da zafinsa, aka ce, "Aub, ta nan fa shanunka suke saukowa." Na yi dariya, na ce wannan ai tatsuniyar Dinny Rourke ce, mutumin da ya ga kifi a kan bishiya. Aka ce, "To, ci kek ɗinka kafin ya huce." Na ci, har na nemi ƙari. Shekara arba'in da shida ina cin tuffar bishiyar nan duk Afrilu, ban taɓa tambayar kaina abin da ke kusa da ita ba.

Wadda ta faɗa mini na ƙarshe, Thelma ce.